Silimar mota, ta cikin gari, majigin gida ko fim ɗin lambu: ina za ku kai iyali a Amurka?

Duk mai yara a Amurka ya san yadda gida ke zama da zarar an ba da dogon hutun bazara. Maigida yana so a fita ko sau ɗaya ne a yi abin da za a riƙa tunawa, uwargida tana lissafin kuɗi da abin da za a ci a waje, su kuwa yara fim kawai suke so. To sai wani ya kawo zancen silimar mota, wadda Amurkawa ke kira drive-in, inda za ka shiga fili da motarka ka yi fakin gaban wani ƙaton allo ka kalla kana zaune ciki, daga nan sai gardama ta tashi, ai gara silimar cikin gari, a'a gara a sayi majigi a huta, wani ma ya ce ga na kyauta can ana nunawa a lambu. Duka huɗun suna da ranarsu, amma ba buƙata ɗaya suke biya ba.

Ga abin da nake dubawa kafin in ce wannan ya fi wancan. Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin tikiti kaɗai ba, har da mai da abinci, lissafina na gida mai mutum 6 ne, manya 2 yara 4. Sai nisa da wahalar shiri. Sai lokaci, wato ƙarfe nawa ake farawa, ƙarfe nawa ake tashi, ina Magariba ta faɗo a ciki. Sai sakewa, shin uwargida za ta iya shayar da jariri ba tare da takura ba, yaro zai iya kuka ba a harare ku ba, kuma me idon yara zai gani. Sai kyan hoto da sauti, sai ɗorewa, sai haɗari.

Silimar mota

Zan daɗe a kanta don ita ce mutanenmu ba su sani ba sosai. Wani mutum mai suna Richard Hollingshead ne ya buɗe ta farko a yankin Camden, jihar New Jersey, ranar 6 ga Yunin 1933, ana biyan senti 25 na mota da senti 25 na kowane mutum, kuma dabararsa ita ce ɗan tudun nan da ake yi a kowane layi don gaban mota ya ɗaga sama, ka hangi allo ta saman motar da ke gabanka. Har yau haka filayen suke. A ƙarshen shekarun 1950 sun haura 4,000 a ƙasar, yanzu kuwa wajen 300 suka rage. Abin da ya cinye su: filin gefen gari ya yi tsada masu shi suka sayar aka gina kantuna, an tura agogo gaba da awa ɗaya a lokacin zafi don haka duhu ba ya yi da wuri, ga bidiyon kaset ya shigo gida, sannan wajen 2013 kamfanonin fim suka koma dijital, sai mai fili ya nemo wajen dala 70,000 na sabuwar na'ura ga kowane allo ko ya rufe. A 2020 lokacin korona ta ɗan farfaɗo tunda kusan ita kaɗai ce silimar da ake iya zuwa.

Su Amurkawa abin da ke kai su shi ne tuna zamanin iyaye da kakanni. Mu namu tunanin daban ne. Wanda ya taso a Kano ya san a da can yawancin silimomi ba su da rufi, irin su Marhaba da Plaza, sai dare ya yi ake saka fim ɗin Indiya kana zaune sama a buɗe, sai dai wuri ne da ake ganin na 'yan iska ne, yaro satar hanya yake ya je, mace mai mutunci kuwa ba ta ko doshi ƙofar. Silimar mota ta dawo maka da wancan sararin da iskar daren, amma yanzu da matarka da 'ya'yanka a gefe, babu mai cewa komai. A ganina wannan ne kaɗai dalilin da ya isa a sha wahalar zuwa, don in hoto ake nema ba nan ake zuwa ba.

Kuɗi: yawanci babba dala 10 zuwa 13, yaro 5 zuwa 8, ƙananan ƙwarai kyauta, wasu wuraren ma kuɗin mota suke karɓa ko mutum nawa ne a ciki. Kuma kusan ko'ina tikiti ɗaya fim biyu ne a jere. Gidan mutum 6 zai biya wajen dala 45 zuwa 55 a ƙofa. Abinci ne ke da 'yar magana. Mafi yawan kuɗin tikiti kamfanin fim ke kwashewa, mai fili da gugguru da lemo yake rayuwa, shi ya sa wasu ke hana shiga da abincin waje, wasu kuma su ce ka sayi takardar izini, dala 10 zuwa 20 a mota. Mu kuma da ba ma cin naman da ba mu san yankansa ba, balle tsiran nan nasu da sau da yawa akwai alade a ciki, izinin nan ya fi mana sauƙi: uwargida ta cika kula da soyayyar kaza da cincin da zoɓo, fulas ɗin shayi a gefe, sai a sayi babban bokitin gugguru a wurinsu don a taimaka musu. Don Allah kar a ɓoye kula ƙarƙashin bargo a ƙofa, in an kama abin kunya ne gaban yara.

Nisa shi ne ke yanke hukunci ga mutane da yawa. Wanda ke Atlanta ya huta, Starlight tana cikin gari a kan titin Moreland tun 1949. Na Detroit ga Ford-Wyoming a Dearborn, tun 1950, tana aiki har cikin hunturu, kuma gari ne da gidan abincin halal ya fi ƙarfin ƙirga, sai ku ci ku ƙoshi kafin ku shiga. Na Baltimore suna da Bengies a Middle River, tun 1956, allonta ƙafa 52 ne a tsaye 120 a kwance, da wuya ka ga irinsa, amma suna da dokoki masu tsauri, a karanta su kafin a tafi. Columbus akwai South Drive-In, Indianapolis akwai Tibbs. 'Yan unguwannin Bronx da Harlem na birnin New York su ne da aiki, sai an yi tafiyar fiye da awa ɗaya zuwa Warwick, ga kuɗin gada, ga shi da yawa ma ba su da mota sai haya, in ka haɗa da kuɗin haya arahar ta tafi. New Jersey da ta haifi abin, guda ɗaya tal ta rage mata, Delsea a Vineland, can kudu. Mai son tarihi zalla ya nufi Pennsylvania: Shankweiler's da ke Orefield tun 1934 take aiki, ita ce mafi tsufa da ta rage, Mahoning kuma a Lehighton har yanzu da tsohuwar na'urar fim mai zare ta 35mm take nuna tsofaffin finafinai.

Lokaci. Nan ne mutane ke mamaki. Ba a saka fim sai duhu ya fara, a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a New York sai wajen 8:30, a Detroit da Indianapolis ma sai bayan 9. Ke nan fim na farko ya ƙare wajen 11, a yi ɗan hutu, na biyu ya kai ku ƙarfe 1 na dare, sannan ga tuƙin komawa, ga Asuba kafin ƙarfe 4 a New York. Amma ta wani gefen abin ya dace da mu, don ana buɗe ƙofa tun da sauran rana, ku samu wuri, yara su yi guje-guje gaban allo, rana na faɗuwa ku shimfiɗa darduma gefen mota ku yi Magariba da butarku, kafin ku shafa addu'a an fara tallace-tallace. Ba silimar cikin gari da za ta ba ku wannan. Shawarata a bar Yuni da Yuli, a je ƙarshen Agusta ko tsakiyar Satumba lokacin da rana ke faɗuwa wajen 7 zuwa 8, sauro ya ragu, zafi ya sauka, sai dai a duba don bayan hutun ma'aikata na farkon Satumba da yawa Juma'a zuwa Lahadi kawai suke buɗewa.

Sakewa kuwa babu kamarta a cikin duk waɗanda ake fita waje. Mota ɗakinku ce. Jariri ya yi kuka a ɗaga gilashi, Hajiya ta miƙe ƙafa, ku yi hirarku da Hausa kuna fassara wa Inna abin da ake cewa ba mai ce muku shhh. Masu Sienna sukan juya bayan motar ga allo su ɗaga but su shimfiɗa katifa, yara su kwanta ciki da kayan barci, manya su zauna a kujerun naɗewa a waje, sai dai za a ce ku ɗaure murfin but ɗin da igiya kar ya wuce rufin mota, kuma manyan motoci layin baya ko gefe ake tura su. Abu biyu ne za a kiyaye. Fim na biyu sau da yawa ya fi na farko nauyi, na farko PG, wato wanda yara za su iya kallo da kulawar iyaye, na biyu PG-13 na 'yan shekara 13 zuwa sama ko ma R na manya, a duba tun a gida, in bai yi ba a tashi lokacin hutu, dama yara sun yi barci. Na biyu, a filin da ke da allo 3 ko 4, yaro na juya kai zai hango abin da ake nunawa a ɗaya allon, ba sauti amma hoto ƙato, don haka a zaɓi wurin fakin da hankali.

Hoto da sauti: matsakaici. Allo na da nisa, hasken gari na rage masa kaifi, wurin da aka ɗauka da dare a fim da ƙyar ake gani, in gilashin gaba ya yi ƙura ko raɓa ta sauka sai haƙuri, a tafi da tsumma. Sautin ta rediyon FM na mota yake zuwa, za a rubuta muku lambar tasha a ƙofa, wasu filayen sun bar tsofaffin lasifikan nan na kan sanda da ake rataya wa a taga amma yawanci ado ne. Manhajar rediyo ta intanet a waya ba za ta kama ba.

Haɗari: batir. Awa huɗu rediyo na kunne inji a kashe, tsohon batir zai iya mutuwa, ma'aikatan sun saba, suna da na'urar tayarwa, amma jira ne ƙarfe 1 na dare. Sababbin motocin da ake danna maɓalli su kuma kashe kansu suke bayan 'yan mintuna, ka sake kunnawa fitilun gaba su haske allo, mutane su hau danna maka hon. Maganin duka biyun ƙaramar rediyo mai batir, irin ta Baba ta jin BBC, da ita an gama. A koyi kashe fitilun motar gaba ɗaya tun a gida. Kar a bar inji na aiki don a sha AC alhali yara na kwance a but buɗe kusa da salansa, iskar da ke fita tana da guba kuma ba ta da wari. Yaro ba ya zuwa banɗaki shi kaɗai, fili ne mai duhu motoci na motsi. Sai gyangyaɗin direba a hanyar dawowa, wanda ni shi na fi tsoro.

Ɗorewa: a arewacin ƙasar yawancinsu daga Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba ne, kuma kusan duk shekara sai ka ji wata ta rufe an sayar da fili. In akwai kusa da ku kar a yi ta cewa baɗi.

Silimar cikin gari

Wannan kowa ya san ta, AMC, Regal, Cinemark. Hoto da sauti ba a haɗa ta da sauran, akwai sanyi, ba sauro, ruwan sama bai dame ku ba, duk shekara tana nan, kuma kuna iya zaɓar nunin ƙarfe 2 na rana bayan Azahar ku fito kafin La'asar ta ƙure. Matsalarta aljihu: babba dala 12 zuwa 20 gwargwadon gari, yaro ƙasa da haka kaɗan, mutum 6 kun doshi 70 zuwa 100 fim ɗaya, kafin gugguru da babbansa ke kusan dala 10, kuma ba a shiga da abincin gida. Ana rage zafin da zuwa ranar Talata da suke yin rangwame, ko nunin safe na yara da wasunsu ke yi a lokacin hutu kan 'yan daloli kaɗan, tsofaffin katun ne amma yaro ɗan shekara 5 bai damu ba. Sakewa kaɗan ce. Mai jariri rabin fim a baranda za ta yi shi tana jijjiga, kuma babu abin tunawa, bayan wata biyu yaran ba za su iya gaya maka wace silima aka je ba.

Majigin gida

Nan kuɗin a farko yake. Akwai na dala 70 zuwa 150 da suka cika intanet, araha ba ta ado, haskensu ba ya kai ko'ina kuma lambobin hasken da suke rubutawa a kwali ba abin yarda ba ne, a nemi wanda aka rubuta ANSI lumen, wato ma'aunin haske na ƙa'ida. Mai kyau irin na Epson ko BenQ daga wajen dala 500 zuwa 800 ne, allo kuma farin zanin gado da aka ja ya miƙe ya isa, ko farin bango, sai lasifika ɗaya don ta cikin majigin ba ta da ƙarfi. A jona Roku ko Fire TV Stick, wato ƙananan na'urorin kallon fim ta intanet, kai tsaye, don in ka ce daga waya za ka tura Netflix sau da yawa baƙin allo za ka gani. In kun kwatanta da silimar gari, fita 7 ko 8 ta biya kuɗin mai kyan. Ta fuskar ɗorewa shi ne gaba, mai ƙwan fitila yana yin awa dubbai kafin a canza ƙwan, mai LED kuwa ana ƙiyasta masa awa 20,000 zuwa sama, yara za su girma su bar shi.

Babbar fa'idarsa ku ke da iko. Lokacin salla a tsayar, wurin da bai dace ba a wuce, kuma shi kaɗai ne zai nuna muku fim ɗin Kannywood ko tsohon na Indiya a babban allo, abin da da wuya silimar Amurka ta yi muku, a kira gida biyu uku na 'yan uwa a hura gawayi a gasa nama. Amma sai da haraba, wanda ke hawa na 9 a Bronx sai dai bangon falo, wannan kuwa talabijin ce babba kawai. Ga maƙwabta da ba sa son ƙara bayan 10 na dare, ga wayar wuta a kan ciyawa mai raɓa, a kula. Kuma gaskiya ba fita ba ce. Uwargida tana nan tana zirga-zirga tsakanin kicin da baƙi, ita ba ta huta ba.

Fim ɗin lambu

Birane da yawa na nuna fim kyauta a lambunan shaƙatawa lokacin zafi, a New York akwai na Bryant Park daren Litinin, hukumar lambunan birnin ma tana zagayawa unguwa-unguwa da allo. Ba mota ake buƙata ba, tabarma da kula kawai. Sai dai ba ku ke zaɓar fim ba, dole a je da wuri a kama wuri, cunkoso ne kafaɗa da kafaɗa, na kusa da ku wataƙila da kare ko kwalbar giya ko saurayi da budurwa da ba ruwansu da yaranku, in hadari ya taso a soke. Na unguwa ya fi na tsakiyar gari dacewa da yara.

| | Silimar mota | Ta cikin gari | Majigin gida | Ta lambu |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin mutum 6 | dala 45–55, fim biyu | dala 70–100, fim ɗaya | dala 500–800 sau ɗaya | kyauta |
| Abincin gida | da izini a wasu wurare | an hana | yadda kuka so | yawanci an yarda |
| Shiri | mota, rediyo, bargo, tafiya | babu | haɗa waya da allo | zuwa da wuri |
| Salla | gefen mota | sai an zaɓi lokaci | a tsayar da fim | da ɗan takura |
| Sakewa | sosai | kaɗan | gaba ɗaya | kaɗan |
| Hoto da sauti | matsakaici | mafi kyau | gwargwadon kuɗinka | matsakaici |
| Ɗorewa | yawanci watannin zafi | duk shekara | shekaru | bazara kawai |
| Haɗari | batir, tuƙin dare | aljihu | maƙwabta, wayar wuta | cunkoso, ruwa |

Farashin nan kimantawa ne, gari ya bambanta da gari, a duba shafin wurin kafin a fita.

To wa ya dace da me? In kuna da mota, akwai silimar mota da ba ta wuce tafiyar awa ɗaya ba, kuna da jariri ko yara ƙanana ko Inna ta zo ziyara daga gida, ku je ta, daren Juma'a ko Asabar a Satumba, ku kalli na farko ku taho. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, ba abin kowane mako ba ne. In tafiyar ta kai awa biyu kuma direba ɗaya ne a gidan, ban ba da shawara ba sai in za a kwana a can.

In fim ɗin kansa ne ake ɗoki, sabon da yaran suka yi wata suna magana a kai, kuma duk sun wuce shekara 7, a kai su silimar gari ranar Talata, a ci abinci a gida kafin a fita. Mai gida da haraba da yara 5 ko 6 da baƙi kullum, ya daure ya sayi majigi mai kyau, ba na dala 80 ba. Ɗalibi ko sabon zuwa da ba shi da mota kuma aljihu ba nauyi, ya duba jadawalin lambun unguwarsu, ya ɗauki tabarma da maganin sauro, ya je awa ɗaya kafin faɗuwar rana ya kama gefe kusa da hanyar fita.